Filin Shawara: Abin da Asembula ke Rubutawa a Bayan Idonku

Jarrabawa ta ƙarato, masu aikin kammala karatu kuma sun shiga watan ƙarshe, shi ya sa wasiƙun wannan karon kusan duk a kan harshen asembli suke. Na zaɓi waɗanda damuwarsu ta fi yawan maimaituwa a cikin abin da ake aiko mini. Kamar yadda na saba, na cire sunayen mutane da na makarantu.

Daga wani ɗalibi a Zariya

Assalamu alaikum Anti. Ina aji biyu a fannin kimiyyar kwamfuta. Na rubuta makiro na jinkiri a MASM, na kira shi sau ɗaya ya yi aiki lafiya lau. Da na sake kiransa sai asembula ta ƙi, wai na maimaita sunan laƙabi, alhali wallahi sau ɗaya na rubuta shi. Ga shi:

    JINKIRI MACRO adadi
        mov cx, adadi
    sake:
        loop sake
    ENDM

Na kwana a kansa ban ga komai ba. Anti, abin ya fara sa ni tunanin ko ba ni da kan wannan karatu. Da ƙyar mahaifina yake haɗa kuɗin makaranta, ga jarrabawa saura mako uku, kuma har yau ban gane MNT da MDT da ake zana mana a allo ba. Hadda kawai nake yi.

Wa alaikumus salam, ɗana. Kanka lafiya ƙalau yake. Wanda ya kwana a kan layi biyar yana neman dalili, bai kwafi na abokinsa ya miƙa ba, shi ne irin ɗalibin da fannin nan yake nema. Gaskiya ka faɗa, sau ɗaya ka rubuta "sake". Ita ma asembula gaskiyarta ta faɗa, sau biyu ta gan shi. Idan ka gane abin da ya faru tsakanin rubutunka da ganinta, ka gane teburan da ke damunka gaba ɗaya.

Furosesa ba ta san wani abu wai shi makiro ba. Ba shi da adireshi a ma'adana, ba a zuwa wurinsa a dawo. Ka ɗauke shi kamar hatimin ofis: sau ɗaya aka sassaƙa rubutun, amma duk inda aka buga shi sai ya fito cikakke a kan takarda, ya ci nasa wurin.

Ga yadda aikin yake gudana. Da asembula ta iso layin da ke ɗauke da MACRO, sai ta dakatar da fassara. Ta ɗauki sunan JINKIRI ta rubuta a wani teburi, tare da bayanin inda za a sami jikinsa. Wannan teburin sunaye shi ne MNT. Daga nan ta kwashe layukan jikin yadda suke, rubutu zalla, ta jera su a teburi na biyu har ta kai ENDM. Shi ne MDT. Tana cikin kwashewa, duk inda ta ga sunan gurbi, wato "adadi" a naka, takan sa lambar matsayinsa, gurbi na ɗaya, gurbi na biyu, don kada ta wahalar da kanta da neman suna nan gaba. Har zuwa nan ko bayit guda na harshen inji bai fito ba. An dai ajiye rubutu ne.

Can ƙasa ka rubuta JINKIRI 500. Asembula ta duba kalmar farko, ta same ta a teburin sunaye, ta san kira ne. Sai ta sa 500 a wani ɗan teburi na uku, ALA, a matsayin abin da zai cike gurbi na ɗaya. Ta koma MDT ta riƙa zubo layi bayan layi a daidai wurin da ka yi kiran, tana cike gurbin da 500. Layinka ɗaya ya ɓace, layi uku sun zauna a wurinsa. Ka sake kira, aka sake zubo uku. Ga "sake" ɗinka na biyu nan.

Sunayen MNT, MDT da ALA daga tsarin littafin John Donovan ne, Systems Programming, na 1972. Idan malaminku littafin Leland Beck yake bi, za ka ga NAMTAB, DEFTAB da ARGTAB. Abu ɗaya ne, kada bambancin sunaye ya ruɗe ka a ɗakin jarrabawa.

To me ya sa maimaita laƙabi ya zama laifi? Saboda bayan an gama zubo makiro, sai ainihin aikin asembula ya fara, kuma a tsarin da ake koya muku sau biyu take bin rubutun. A zagayen farko tana ƙirga bayit nawa kowane umarni zai ci, ta haka take sanin adireshin kowane layi, duk laƙabin da ta tarar kuma ta rubuta shi da adireshinsa a teburin alamomi. A zagaye na biyu ne take samar da lambobin inji, ta cike adireshin kowane tsalle daga wancan teburin. Laƙabi ɗaya ba zai riƙe adireshi biyu ba. Idan ta yarda, LOOP ɗinka wanne zai koma?

Maganin layi ɗaya ne. Ka sa LOCAL sake a layin da ke bin MACRO kai tsaye, kafin kowane umarni. Daga nan duk lokacin da aka zubo makiron, MASM za ta ƙirƙiro wa laƙabin sabon suna: ??0000 a kiran farko, ??0001 a na biyu, haka har ƙarshe. Kowace asembula tana da irin wannan dabara. A NASM %%sake ake rubutawa. A asembular GNU akwai \@, mai ba da lambar makiro nawa aka zubo zuwa yanzu, sai ka liƙa ta a jikin sunan. Masu manyan injunan IBM suna da &SYSNDX. A littafin Beck alamar $ ce ake juyawa zuwa $AA, $AB. Duk ƙirge ne da ke ƙaruwa da ɗaya, ana manna shi a suna.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba, amma suna nan gabanka. Na farko, makironka yana cinye abin da ke cikin CX. Ranar da ka kira shi a cikin wani zagaye da shi ma CX yake ƙirga da ita, manhajarka za ta rikice ba tare da asembula ta ce uffan ba. Ka sa push cx a farkon jikin, pop cx a ƙarshe. Na biyu, cike gurbi musayar rubutu ce kawai, babu tunani a ciki. A ce ka yi makiron buga harafi a DOS, ka fara da mov ah, 2 sannan mov dl, harafi, sannan int 21h. Idan wata rana harafin da kake son bugawa yana cikin AH, ka rubuta NUNA ah, abin da za a zubo shi ne mov ah, 2 sai mov dl, ah. Harafinka ya tafi tun a layin farko. Sauya jerin layukan biyu ya isa ya gyara wannan, amma sai wanda ya saba kallon abin da aka zubo ne zai lura.

Game da jarrabawa, bar hadda. Ɗauki takarda da biro, ka rubuta ɗan makiro mai gurbi biyu, ka kira shi sau biyu, ka zama kai ne asembula: ka zana teburan uku, ka cike su da hannunka layi bayan layi. Yi haka yau, yi gobe da makiron da ke kiran wani makiron a cikinsa. Mako uku sun ishe ka. Allah ya ba ka nasara, ya kuma buɗa wa mahaifinka.

Daga wata ɗaliba a Sakkwato

Anti, ina wuni. Ni da ƙawata aka haɗa mu aiki ɗaya: manhajar da za ta yi gargaɗi idan zafin ɗakin ajiyar allurar rigakafi ya haura digiri 8. Ni na rubuta sashen karɓar lamba, ita ta rubuta sashen yanke hukunci da .IF eax > 8. Ranar gwaji malam ya shigar da -5, sai manhajar ta ce zafi ya yi yawa. Aka yi mana dariya. Ita ta ce ni ce na ɓata lambar, ni kuma na tabbata -5 na miƙa mata. Ta ma gwada cire ɗigon da ke gaban IF, asembula ta ƙi gaba ɗaya. Yau kwana biyar ko gaisuwa ba ma yi, kuma tun sakandare muke tare. Wa ke da laifi?

Lafiya lau, 'yata. Ke -5 kika miƙa, ita kuma abin da ta rubuta daidai yake a idon duk mai karatu. Matsalar tana cikin layukan da babu wadda ta rubuta a cikinku.

Furosesa ba ta da umarnin "idan". Abin da take da shi gwadawa ne da tsalle. Umarnin cmp yana cire lamba ɗaya daga ɗayar, ya zubar da amsar, ya bar tutoci: ko amsar sifili ce, ko an yi aro, ko ta faɗa ƙasa da sifili, ko ta yi ambaliya. Umarnin tsalle kuma tutocin nan yake dubawa. Tun daga MASM 6.0, wadda ta fito a 1991, Microsoft ta ƙara .IF, .ELSE, .ENDIF, .WHILE, .REPEAT da 'yan uwansu, don asembula ta riƙa rubuta wa mutum gwaji da tsallen da kanta. Abin da ta rubuta muku shi ne:

        cmp eax, 8
        jbe @C0001
        ; jikin gargaɗi
    @C0001:

Ki lura da abu biyu. Na farko, an juya sharaɗin. Kun ce idan ya fi 8 a yi gargaɗi, ita kuma ta ce idan bai fi 8 ba a tsallake gargaɗin. Haka ake gina "idan" a ko'ina, ko da hannu ko da asembula: a juya sharaɗi, a tsallake jiki. Idan akwai .ELSE, sai a ƙara jmp a ƙarshen jikin farko don kada a zarce cikin na biyu, a kuma ƙirƙiri laƙabi na biyu a ƙarshe. Zagaye irin na .WHILE ma haka yake, sai dai yana da tsalle mai komawa baya.

Na biyu, kuma nan ne ciwon yake, jbe aka zaɓa. Furosesa tana da jerin tsalle iri biyu. Akwai ja, jb, jae, jbe na lambobin da ba sa zuwa ƙasa da sifili, akwai kuma jg, jl, jge, jle na lambobin da ke iya zuwa. Ita rajista ba ta ɗauke da shaidar ko wane iri ne a cikinta. A rajista mai bit 32, yadda ake ajiye -5 shi ne FFFFFFFB, kuma idan aka karanta wannan a matsayin lamba marar alama, 4,294,967,291 ne. Ya fi 8 nesa ba kusa ba. MASM kuwa, idan ba a gaya mata komai ba, marar alama take ɗaukar rajista. Ku rubuta .IF SDWORD PTR eax > 8, ko ku ajiye zafin a wurin da kuka ayyana shi SDWORD ku gwada da shi. Nan take jbe zai koma jle.

Batun ɗigo ya cancanci a tsaya a kansa, don yana kayar da ɗalibai da yawa. IF marar ɗigo da .IF mai ɗigo a lokuta daban suke aiki. Marar ɗigo tambaya ce da asembula take amsawa da kanta tana cikin haɗa manhajar: shin in saka waɗannan layukan ko in bar su? Idan amsar a'a ce, layukan ba za su shiga manhajar ba sam, babu cmp, babu tsalle. Don haka dole abin da ake tambaya a kai ya zama sananne tun a lokacin, kamar tsayayyiyar lamba ko sunan da aka ayyana. Abin da ke cikin EAX kuwa sai manhaja ta tashi aiki, malam ya danna -5, sannan za a san shi. Shi ya sa ta ƙi. Mai ɗigo shi ne yake barin tambayar ga furosesa. Haka bambancin yake tsakanin WHILE da .WHILE: na farko maimaita rubutu yake yi a lokacin haɗawa, na biyu zagaye yake ginawa. Ku kuma sani, idan kuka koma ml64, wato MASM ta bit 64, babu .IF babu .WHILE a can, da hannu za ku rubuta tsallenku.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Kwana biyar ba gaisuwa ya yi yawa, kin kuma san abin da addini ya ce a kan ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Dariyar da aka yi muku ce ta yi muku zafi, kowa ta nemi inda za ta sauke. Ki riga ta sallama. Kada ki je da "ashe ni ce da gaskiya", don ba haka ba ne. Ke kin san lambar tana iya zuwa ƙasa da sifili ba ki faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ku zauna gaban kwamfuta ɗaya, ku haɗa manhajar da /Fl da /Sg, ku buɗe fayil ɗin .lst da zai fito, ku nemo jbe ɗin nan da idonku. Sannan ku ƙara gargaɗi na biyu, don allurar da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 da 8, sanyin -5 ma yana iya lalata ta. Ina kyautata zaton abin da malaminku yake son ku gani ke nan.

Gajeriyar tambaya daga Gombe

Anti, na ƙara kiran makiro biyu kacal a cikin zagayena, sai aka ce LOOP ya yi nisa da laƙabinsa. Layi biyu ne fa.

Layi biyu a allonka, ɗana, amma bayit nawa bayan an zubo su? LOOP bayit ɗaya kawai yake da shi na faɗin nisa, don haka iyakarsa 128 baya, 127 gaba. Ka maye shi da dec cx da jnz. A 8086 shi ma jnz iyakarsa ke nan, sai a yi jz zuwa waje, a bi shi da jmp zuwa farkon zagaye. Tun daga 80386 ta 1985 tsalle mai sharaɗi ya sami dogon zango, amma LOOP bai samu ba har yau.

Daga wani mai haɗa kayan lantarki a Kano

Hajiya, barka da aiki. Ni ba ɗan makaranta ba ne, a bakin aiki na koya. Ina haɗa na'urar da ke tayar da janareta idan an ɗauke wuta, da PIC16F84A. Da can tana aiki lafiya. Na gyara rubutun na mai da wasu sassa makiro don ya yi kyan karatu, sai ga shi mutum uku sun dawo mini da kaya, wai rile yana motsi ko da akwai wuta. Kuma wurin rubutu ya kusa cika. Mutuncina nake ji, Hajiya.

Barka kadai, Malam. Na duba abin da ka haɗo, na kuma ga wurin:

        btfss PORTB, 0
        KUNNA

Nufinka a fili yake: idan ƙafar tana nuna akwai wuta, a tsallake KUNNA. Da can, lokacin da umarni ɗaya ne a wurin, haka ake yi. Amma btfss umarni ɗaya tak yake tsallakewa, kuma KUNNA ɗinka yanzu umarni huɗu ne. Ana tsallake na farko, sauran ukun su gudana, akwai wuta ko babu. Haka btfsc da decfsz suke, duk wani umarnin tsallake na PIC bai kamata makiro mai layi fiye da ɗaya ya biyo shi ba. Ka juya sharaɗin:

        btfsc PORTB, 0
        goto wuce
        KUNNA
    wuce:

Ko kuma, wanda ya fi dacewa da halin da kake ciki, ka mai da KUNNA aikin da ake zuwa a dawo, ka bar btfss ɗinka yadda yake, ka bi shi da call. Shi call umarni ɗaya ne.

Wannan kuma shi zai warware cikar wurin. PIC16F84A umarni 1024 kawai take ɗauka. Makironka na jinkiri umarni 12 ne, ka kira shi a wuri 30, ya ci 360, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Idan ka rubuta shi sau ɗaya da return a ƙarshe, ka riƙa zuwa da call, 43 zai ci gaba ɗaya. Abin da za ka biya shi ne lokacin zuwa da dawowa, call bugu biyu, return bugu biyu. Da kiristal mai 4 MHz, wannan kashi huɗu ne cikin miliyan na daƙiƙa, rile ma bai san an yi ba. Ka dai kiyaye abu ɗaya: wurin da take ajiye adireshin dawowa hawa takwas ne, katsewa ma tana cin hawa ɗaya, kuma idan ka wuce takwas ba za ta yi gargaɗi ba, rubutawa za ta yi a kan na farko. Ka bar makiro ga ƙananan abubuwa, kamar sauya banki ko kunna ƙafa ɗaya, inda sunan yake sauƙaƙa karatu ba tare da cin wuri ba.

Batun mutunci, Malam, kada ka jira sauran su dawo da kansu. Duk wanda ka sayar wa tun bayan gyaran nan ka kira shi, ka gaya masa ka gano matsala, ka sake ɗora masa rubutun kyauta. Tun da 'yar ƙwaƙwalwar ana iya gogewa a sake rubutawa, ba sai ka sayi sabuwa ba. Janareta mai tashi ba a so ba haɗari ne ga gidan mutane, kuma alhakinsu yana wuyanka har ka gyara.

Daga wata ɗalibar ajin ƙarshe a Katsina

Assalamu alaikum Anti. Aikina shi ne in gina "idan" da "in ba haka ba" da makiro a NASM. Ya yi aiki, amma da na sa "idan" a cikin wani "idan" sai tsallen ya riƙa sauka a wurin da ba nasa ba. Na gwada %% bai yi ba, na gwada ƙirge da %assign shi ma ya rikice. Ban da wannan, samarin ajinmu suna cewa wai mai amfani da makiro ba asembli yake rubutawa ba, raggwanci ne. Har na fara jin kunyar aikin.

Wa alaikumus salam, 'yata. Bari in fara da samarin, don raina ya ɓaci da na karanta. Ki tambaye su ko sun taɓa buɗe rubutun asembli na mutanen da wannan ce sana'arsu. Tun a 1959 Douglas McIlroy da Douglas Eastwood na Bell Labs suka saka makiro mai sharaɗi, mai kuma iya kiran kansa, a asembular SAP. A kan System/360, wanda IBM ta gabatar a 1964, buɗe fayil da karantawa da rubutawa duk da makiro ake yi: OPEN, GET, PUT, CLOSE. Shi kansa aikin da aka ba ki yana da tarihi. Bayan wasiƙar Edsger Dijkstra ta 1968 kan illar yawan tsalle barkatai, Harlan Mills ya kawo shawara a 1970 a gina IF da ELSE da DO da makiro, Marvin Kessler ya aiwatar da ita a IBM, aka kira jerin Concept 14. A yau ma, rubutun asembli na x264 da FFmpeg, da ke bayan bidiyon da ake kallo a VLC, a kan wani fayil na makiro yake zaune, x86inc.asm. Babu abin kunya a aikinki. Wanda zai rubuta makiron da ke samar da tsalle daidai sai ya fi mai rubuta tsallen da hannu sanin tsalle.

Yanzu matsalar. %% bai yi ba domin kowane kira da lambarsa. Makiron "idan" ne yake rubuta tsalle, amma wani makiron daban ne, na rufewa, yake ajiye laƙabin da za a sauka. Kira biyu ne, lamba biyu, sunayen ba za su haɗu ba. Ƙirgen %assign ya fi kusa, shi ya sa ya yi miki aiki da farko. Sai dai da "idan" na waje ya ɗauki lamba 1, na ciki ya ɗauki 2, aka rufe na ciki, aka zo rufe na waje, ƙirgen yana kan 2. An manta da 1. Abin da kike buƙata shi ne wurin da za a ɗora lambobi ɗaya kan ɗaya, a riƙa cire na sama tukuna, saboda wanda aka buɗe a ƙarshe shi ake fara rufewa. NASM tana da shi a shirye: %push yana ɗora sabon mahalli, %pop yana cire shi, duk laƙabin da ya fara da %$ kuma na mahallin da ke sama ne.

    %macro idan 1
        %push idan
        j%-1 %$tsallake
    %endmacro

    %macro inbahakaba 0
        %repl inbahakaba
        jmp %$karshe
        %$tsallake:
    %endmacro

    %macro shikenan 0
        %ifctx idan
            %$tsallake:
        %else
            %$karshe:
        %endif
        %pop
    %endmacro

Ki yi cmp da kanki, sannan ki rubuta idan e, ko idan g, ko idan b. Wannan %-1 shi ne yake juya sharaɗin, e ya koma ne, g ya koma akasinsa. %repl suna kawai yake sauya wa mahallin, laƙubban cikinsa suna nan, ta haka ne shikenan yake sanin ko an bi ta inbahakaba ko ba a bi ba. Ki kuma lura cewa %ifctx tambayar lokacin haɗawa ce, ana amfani da ita don gina tambayar lokacin aiki. Idan kika iya bayyana wannan jimla da bakinki ranar kare aiki, kin gama da su. Wani alherin tsarin nan shi ne ke ce mai zaɓar g ko a, l ko b, don haka abin da ya faru da 'yan uwanki na Sakkwato ba zai faru a ɓoye ba.

Abu biyu za ki ƙara kafin ki miƙa. Ki sa inbahakaba da shikenan su duba mahalli tukuna, idan aka kira su babu "idan" a buɗe su yi %error da saƙo mai ma'ana, don wanda zai yi amfani da aikinki ya san inda ya kauce. Sannan ki rubuta gwaji mai hawa uku, "idan" cikin "idan" cikin "in ba haka ba", ki gudanar da nasm -E don ki ga rubutun bayan an zubo makiro, da nasm -l don ki ga adireshi. Ki buga shafin a takarda, ki ja layi da biro daga kowane tsalle zuwa laƙabin da ya sauka, ki sa shafin a cikin rahotonki. Idan kin gama da wannan, zagaye ma da %push ɗin za ki gina shi: laƙabi a farko, jmp mai komawa a makiron rufewa, sai laƙabin fita a bayansa.